TSAKANIN ƘISHI DA KISHI

Duk macen da ta taɓa riƙe katin biki a hannunta ta san rubutun nan da nake son mu yi hira a kansa yau, ko da kuwa ba ta san sunansa ba. Shi ne rubutun nan mai kauri, wanda ya ɗan karkata zuwa dama kamar mai saurin tafiya, baƙaƙensa a manne da juna, kowane ya riƙe wutsiyar ɗan'uwansa, sai ki rantse wani ne ya tsoma burushi a fenti ya zuba shi a tashi ɗaya bai ɗaga hannu ba. Kin gan shi a allon shagon tela, kin gan shi a ƙofar gidan kitso, kin gan shi a jikin kalandar da aka raba ranar kamu, da sitikar da aka liƙa wa bokitin robar da aka ba ki wajen suna. Masu kwamfuta suna ce masa Brush Script, mu kuwa a bakinmu "rubutun nan mai kwalliya" ne kawai. To 'yar'uwa, wannan rubutun na so shi so mai tsanani, kuma shi ne ya kusa raba ni da uwargidana, baiwar Allah da muka shekara huɗu a gida ɗaya ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

Asalin son ya samo tun ina 'yar firamare. Akwai ƙanwar Babanmu da ke zaune a gidanmu, Gwaggo Ƙarama muke ce mata, ita ta fara shigo mana da littattafan soyayya. Haya take ɗaukowa ta cusa a ƙarƙashin katifa, don in Baba ya gani ranar babu zaman lafiya. Lokacin karatuna bai yi ƙwarin da zan bi labari ba, bangon kawai nake so. In ta shiga wanka sai in zaro ɗaya in zauna ina bin sunan littafin da yatsa, in hau nan in gangara can, ina mamakin yadda rubutu zai yi ƙiba a wani wuri ya kuma sirance a wani wuri kamar mai rai. Rubutun da malaminmu ke yi a allo tsaye yake ƙiƙam kamar sojoji, wannan kuwa rausaya yake yi. Tun daga nan na ƙudurta a raina, ranar da Allah Ya nufe ni da yin littafi, da irin wannan za a rubuta sunansa.

Allah kuwa Ya nufa. Bayan aurena na zauna na rubuta labarina na farko a littattafan makaranta guda biyar, yawanci da daddare in yara sun yi barci. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙauye da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta, ba aike ba saƙo, ga rijiyar garinsu ta ƙafe, kullum sai ta yi tafiya mai nisa da tulu a kai. Ƙishirwa biyu ke damunta, ta ruwa da ta kulawa. Shi ya sa na sa wa littafin suna mai kalma biyu, ta farkon ita ce Ƙishin, ta biyun kuwa ba zan faɗa ba kada a ce na fake da hira ina talla. Abin da nake so ki riƙe shi ne, daga farkon labarin har ƙarshensa babu kishiya ko ɗaya a ciki.

Na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin tunkiyata da na sayar, maigida ya cika mini sauran. Cikin littafin an riga an buga shi a kwamfuta, na duba shi har sau uku, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ duk sun fita tsaf. Bango kaɗai ya rage, sai maigida ya haɗa ni da ƙanena ya raka ni shagon da za a tsara shi.

Yaron da ke aikin ba zai wuce shekara ashirin ba, ga ladabi ga saurin hannu. Ya buɗe CorelDRAW, ya ɗora hoton wata mata ta zuba tagumi tana kallon nesa, ya rubuta sunan littafin a sama da rubutu na yau da kullum, ƙugiyar Ƙ ɗin a tsaye kyam ina ganinta. Ya ce, "Anti, zaɓi wanda ya yi miki." Ya shiga danna wani maɓalli, sunan littafina yana ta canja kaya a gabana kamar amarya ranar buɗar kai. Wani siriri, wani mai ƙaho, wani kamar na jarida. Can sai ga shi ya faɗo. Gabana ya faɗi, na ce, "Tsaya nan! Wannan nake so." A daidai lokacin na ga wani abu ya ɗan gifta a farkon kalmar, na ga ya danna wani wuri da sauri. Na ce, "Mene ne?" Ya ce, "Ba komai Anti, ɗan gyara ne." Ya zuba wa rubutun ja, ya shimfiɗa masa ruwan ɗorawa a baya, ya yi masa farar inuwa. Wallahi hawaye ne ya cika mini ido. Ya ce in karanta in tabbatar, na karanta, ƙanena ma ya karanta, muka ce ya yi. Babban K na wannan rubutun da ma yana da 'yar lanƙwasarsa ta ado, ni kuwa idona abin da zuciyata ta sani ya karanta, bai karanta abin da ke kan gilashin ba.

Bayan mako uku aka sauke mini kwalaye a tsakar gida, kwafi 1,000. Kafin su iso ma an riga an ajiye wa wani mai sayar da littattafai a Sabon Gari kwafi 200 don kada a yi wahalar dawowa da su. Uwargidana, wadda nake kira Yaya, ita ta fara fitowa da murna, ta kama mini muka shigar da kwali ɗaya rumfa, tana cewa, "Kai ƙanwata, yau mun zama gidan marubuta." Na farke kwalin na zaro ɗaya na miƙa mata. Babbar 'yarta da ke aji huɗu na sakandare ta leƙo ta kafaɗarta ta karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kishin..."

Na ce, "Ƙishin dai."

Ta ce, "A'a Anti, Kishin aka rubuta. Ga shi nan."

Na karɓa na duba. Na sake dubawa. Babu ƙugiya, babu alamarta. Ga kalmar nan ja wur, mai kauri, tana ihu tun daga ƙofar gida ana iya karanta ta. Ga matar nan a ƙasanta ta zuba tagumi, kuma don tsautsayi mai ɗan jiki ce, fara, kamar Yaya. Tsakar gidan ya yi tsit. Yaya ta ajiye littafin a kan kwalin a hankali, ta karkaɗe hannunta ta ce, "Sannu da aiki, amarya." Ta shige ɗaki. Rabon da ta kira ni amarya tun satin da aka kawo ni gidan.

Na bi ta da rantsuwa, ta ce ita ba ta ce komai ba. Kin san kuwa wannan "ban ce komai ba" ɗin ta fi zagi ciwo. Washegari abincin da muke ci a kwano ɗaya ya rabu biyu. Rana ta uku yayarta ta zo, ko zama ba ta yi ba ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Ashe duk zaman nan da ake yi da ke da zuciya ɗaya, rubuce mu kike yi za ki kai kasuwa? To Allah Ya isa tsakaninmu da ke." Maigida da farko dariya ya yi, yana cewa ɗan ƙaramin abu ne. Da ya ga gidansa ya koma kamar gidan makoki sai ya daina dariyar, ya ce da ni, "Ke kika ɗauko, ke za ki san yadda za ki sauke."

Na aika ƙanena wajen mai sayar da littattafan nan ya dawo mini da 200 ɗin. Ya dawo hannu rabbana, ya ce fiye da rabi sun tafi, kuma mutumin ya ce a gaya mini, "Hajiya ta bar shi haka, ai kishi ya fi ƙishi kasuwa." Ba zan ɓoye miki ba, daren nan na kwana ina juya maganar. Kuɗin adashin mutane ne a kaina, tunkiyata ta tafi, sake buga bango kuwa wani kuɗin ne da ba ni da shi. Shaiɗan ya yi ta raɗa mini cewa Yaya za ta huce, kuɗi kuwa ba ya dawowa. Da asuba na ji motsinta tana alwala ita kaɗai, ba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa yadda ta saba ba, sai na san ba zan iya ba.

Na koma shagon a fusace. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti ki yi haƙuri, fon ɗin ne ba shi da ita. Kowa ma haka yake yi." Ya nuna mini a gabana. Ya sake rubuta Ƙ, ya mai da ita wancan rubutun, sai ga sauran baƙaƙen sun yi ƙiba sun rausaya, ita kuwa ta tsaya a gaba siririya, baƙuwa, kamar an saka wa mai kwalliyar biki takalmin makaranta. Wani lokaci ma, in ji shi, ɗan akwati ne fanko ke fitowa a gurbinta. Shi ne abin da na ga ya gifta ranar, shi kuma don kada aikin ya yi muni ya goge ya sa K. A ganinsa taimakona ya yi. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na tuna ni da bakina na ce ya yi.

A hanyar komawa gida ne na ce da ƙanena ni fa sai na san dalilin da rubutu zai ƙi baƙin Hausa. Shi ya zauna ya bincika mini, abin da ya samo kuwa ya ba ni mamaki. Ashe rubutun nan ya girmi Babanmu. Wani Ba'amurke mai suna Robert E. Smith ne ya zana shi a shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi wa kamfanin American Type Founders, waɗanda sana'arsu ita ce zuba baƙaƙen dalma suna sayar wa maɗaba'u. A zamanin babu kwamfuta. Kowane baƙi ɗan guntun ƙarfe ne, mai aiki zai tsinto su ɗaya bayan ɗaya ya jera, a shafa tawada a danna a takarda. To ki duba wahalar da bawan Allahn nan ya ɗora wa kansa. Yana son guntayen ƙarfe masu taurin kai su fito kamar rubutun hannu mai gudana, don haka dole ya auna wutsiyar kowane ƙaramin baƙi ta ƙare daidai inda na gabansa zai fara, ko wane baƙi ne ya biyo baya, don kada a ga gaɓa. Abin da yake kwaikwayo shi ne hannun masu rubuta allunan talla na ƙasarsu, masu zuba rubutu da burushi cikin sauri. Da yaƙi ya ƙare kasuwa ta buɗe, 'yan talla da masu kantuna suka yi caa a kansa. Daga baya da kwamfuta ta zo aka shigar da shi cikinta, ya biyo ayarin rubuce-rubucen da ke zuwa tare da Microsoft Office. Shi ya sa kusan duk shagon kwamfutar da kika shiga, a Kano ne ko Zariya ko Gusau, za ki tarar da shi zaune yana jira.

Yana ma da dangi a Faransa. Wani mai suna Roger Excoffon ya yi ɗaya a 1953 daga rubutun hannunsa na kansa, ya sa masa Mistral, sunan wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa a kudancin ƙasar. A 1955 ya ƙara wani mai suna Choc, wanda ya fi su duka kauri, baƙaƙensa ba su manne da juna ba, kamar an yarfa su ne da fushi.

Duk cikin mutanen nan babu wanda ya zauna yana tunanin Bahaushe, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ɗinkin gidansu yake yi. Su ƙugiyoyin namu a shekarun 1930 suka samu gindin zama a rubutun boko, zamanin da ake kafa aikin buga littattafan Hausa a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kafin nan wasu ɗigo suke sa wa baƙin a ƙasa, wasu ɗan waƙafi a gefe. 'Yan'uwanmu na Nijar ma har ta huɗu gare su, ƴ, a inda mu muke rubuta 'y. Kin ga ke nan ƙugiyarmu da rubutun burushin nan kusan tsara ɗaya ne, sai dai ba su taɓa gaisawa ba. Da kwamfuta ta shigo ƙasar nan matsalar ta dawo sabuwa, har sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da rubutun kwamfuta mai ƙugiya a shekarun 1990, irin wanda ake kira Rabi'at. Yanzu ko a wayar hannu ana samun ɓ da ɗ da ƙ. Amma duk wannan rufin asirin na rubutun cikin littafi ne da na saƙo. Rubutun ado irin na bango, da yawansu har yau ba su san da zamanmu ba, kuma a bangon ne kuskure ya fi tsada, don shi ake fara gani. Cire wa ƙafa ƙugiya ta koma kafa. Cire wa ɓata, kin tafi Bata wajen Sabon Gari. Ni aka cire wa tawa na tashi daga bakin rijiya na faɗa rikicin gidan miji.

Bari in ɗan ratse a nan, don na san da yawanku kuna 'yar sana'a a cikin gida, mai turaren wuta, mai yaji, mai humra, mai kek da cincin, kuma kowace tana son a yi mata sitika mai kyau. Ni da ya ƙona ni har yau ban daina son rubutun nan ba, sai dai na san halinsa. Kamar guɗa yake. Guɗa ɗaya a ƙofar ɗakin amarya tana tsuma jiki, amma wace ce za ta zauna a yi mata hira da guɗa? Kalma biyu ko uku ne aikinsa, sunan kayanki, ko sunan amarya da ango, a rubuta su manya yadda za a hango daga nesa. Lambar wayarki da unguwarku da ranar biki, a bar su da rubutu miƙaƙƙe mara ado. In aka ƙanƙanta shi tawada tana cike cikin a da e da o, su koma ɗigo-ɗigo, mai son ta kira ki ta sayi turare ta yi ta lalube. Na taɓa karɓar katin biki da aka rubuta komai da komai da shi, har wurin da za a yi walima, sai da na kira uwar amarya na ce ta karanta mini.

Babban zunubin da ake yi masa kuwa shi ne a rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla. Kowane babban baƙi nasa uwar biki ne mai ƙaton ɗauri, an yi shi ne ya tsaya a gaba ƙanana su biyo shi a baya. In kika jera su biyar a benci ɗaya, ɗaurin wannan yana tokarar na wannan, ba wadda za a gane fuskarta. Sannan ba ko'ina ya dace ba. Fara'a gare shi, rubutun murna ne da kiran kasuwa. Ran nan na ga an buga sanarwar rasuwar wani dattijo da shi, ja a kan fari, sai na ji kamar an yi dariya a wajen zaman makoki. Ga shi kuma ya yi yawa har ya zama anko, a layi ɗaya sai ki ga mai ɗinki da mai abinci da mai gyaran waya duk da shi, ba ki san wa ke kiran ki ba. In sunan kayanki yana da ƙugiya, kada ki bar shagon sai kin sa yatsa a kanta kin gan ta. Masu iya aikin suna da dabarar da suke yanko 'yar lanƙwasa daga jikin wani baƙin su ɗora mata, aikin minti biyar ne, ba a dai tambayarsu ne.

Mu koma kan kwalayena. Ƙanena ne ya tuna da wani tsoho mai fenti a kusa da garejin abokinsa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Muka je da kwafi ɗaya. Muka same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, gwangwanayen fenti sun kewaye shi, rigarsa ba a gane asalin launinta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, matsala ce ta kawo ni." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya karɓi littafin ya nisanta shi da idonsa, ya matso da shi, sannan ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wannan ai ba burushi ba ne, hoton burushi ne. Dubi wannan i ɗin, dubi wannan. Tagwaye ne. Hannun ɗan Adam ba ya haihuwar tagwaye."

Ya jawo wani guntun katako, ya tsoma burushinsa mai faɗin baki a jan fenti, ya ce in kalli hannunsa. In zai gangaro sai ya danna, layin ya yi kauri. In zai hau sai ya sassauta, ya ɗan murza tsinken burushin tsakanin yatsunsa, layin ya sirance. A ƙarshen kalma fentin ya fara ƙarewa, ya bar wani gashi-gashi a wutsiyar. Kafin in ƙifta ido ya rubuta Ƙishin, ƙugiyar ta fito daga hannun K ɗin na sama ta lanƙwaso kamar da ma can tare aka haife su. Ya ce, "Ni ba wanda ya taɓa gaya mini burushina ba shi da ƙa. Abin da bakin mai allo ya faɗa shi nake rubutawa." Ya ce da can layi ake yi a wajensa, yanzu kowa ya koma wajen masu buga leda da inji, sai masu motoci ne ba su yashe shi ba.

Kwafi 800 ba za su yiwu da hannunsa ɗaya ba, kuma ba ni da abin biyansa. Sai ya ɗauko wata tsohuwar ledar hoton ƙashi irin ta asibiti, ya ɗora a kan bangon, ya zana ƙugiyar daidai kaurin rubutun, ya yanke ta da reza. Ya haɗa mini fenti a ɗan gwangwani har sai da jansa ya yi daidai da na bangon, ya yanko mini guntun soso. Ya ce, "Ki ɗora, ki danna sau biyu, ki ɗaga a hankali. Kada ki haɗa su sai sun kwana sun bushe." Na tambaye shi kuɗinsa, ya ce in biya na fentin kawai, in kuma kawo masa littafi ɗaya jikarsa ta karanta masa.

Sai ga wata matsalar. Shanya littattafai 800 tana son fili, rabin tsakar gidan kuwa na Yaya ne, can take shanyar kayanta da kuɓewarta. Ranar farko na yi 60 a ɗan gefena, bayana kamar zai karye, wasu ƙugiyoyin sun fito da kyau, wasu sun yi kamar kunnen akuya. Tana wucewa ta gefena ba ta ko kallo. Da daddare na ɗauki kwafi ɗaya wanda ya bushe na ba 'yarta, na ce, "Ki kai wa Mamanki. Ban ce ta yafe mini ba, ta dai ji abin da ke ciki." Daren nan da na bayansa ina jiyo muryar yarinyar ƙasa-ƙasa ta tagar ɗakinsu har wajen sha biyu.

Rana ta uku da hantsi ina durƙushe ina fama da soso, sai na ji ana jan tabarma. Na ɗaga kai na ga Yaya tana kwashe kuɓewarta tana mai da ita kan rufin kaji. Ta share wurin tas. Ta zo ta tsaya a kaina, idonta ya ɗan kumbura, ta ce, "Yanzu ke don rashin imani sai da kika bar yarinyar nan ta yi ɓari a hanyar rijiya? Me ta yi miki?" Na rasa abin cewa. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na yi ta juya shi, ta taɓe baki ta ce, "Ƙanwata, wannan ƙugiyar taki a karkace take. Miƙo sosan nan, ke ki riƙa riƙe ledar."

Kwana tara muka yi muna yi, ita da ni da yara, har yau akwai ɗigon jan fenti a simintin gidan da ya ƙi fita. Yayarta kuwa sai da aka shekara kafin ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Na 200 ɗin farko babu wanda ya dawo. Bayan wata biyu muna wajen wani suna ni da Yaya, aka nuna ni ga wata mata aka ce ga mai littafin nan. Ta taso takanas ta zo ta ce, "Baiwar Allah, ke ce? Ni fa kin cuce ni. Na karanta littafinki tun daga farko har ƙarshe ina jiran a yi wa yarinyar nan kishiya, shiru. Ko tana cikin na biyu ne?" Kafin in buɗe baki Yaya ta riga ni, ta ce, "Ga kishiyar nan zaune a gabanki, Hajiya. Kawo naki mu sa masa ƙugiya, da sauran fenti a gida."